Ruwan da Ke Ƙarƙashin Yashi

Me maigidana ya ji a cikin yashin nan har ya yi dariya? Na tambaye shi yana raye, na tambayi kaina bayan an kai shi makwancinsa, har yau ban sani ba. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubuta muku. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni, ku yi haƙuri. Amma labarin na daɗi ne, wallahi na daɗi ne!

Kakata ta wajen uwa ce ta rene ni a wani ƙauye kusa da Banga. Da bazara, in rijiyoyi suka ƙafe, gulbi ya koma yashi fari fat, mata kan tafi da tulu da ƙoƙo su tona rami a tsakiyarsa har hannu ya taɓa danshi. Daga nan sai jira. Ruwan a hankali yake tsattsafowa, wadda ta yi gaggawar sa ƙoƙo laka za ta kwaso. Sauran mata da hira suke cika jiran. Kakata kuwa can nesa take tona nata, ta kuma hana ni magana, ni da nake da rawar kai kamar ɗan akuya.

"Zamna, 'yar nan," in ji ta. "Bakinki ya huta, kunnenki ya yi aiki. Mi kinka ji?"

Na ce ban ji komai ba.

"To ba ki zamna ba tukuna."

Sai da na gaji da mutsu-mutsu, sannan duniya ta fara buɗewa. Kurciya a kan gawo. Shanun Fulani suna saukowa daga gaɓa, kofato na nutsewa a yashi. Zafi a bayan wuyana, sanyi a yatsun ƙafata da na cusa a rami. Ƙamshin jiƙaƙƙen yashi, wanda ya fi turare. Numfashina yana shiga, yana fita. Can kuma, ƙasa-ƙasa, wani ɗan sauti kamar ana raɗa: ruwa ne yake tahowa! Na yi tsalle don murna, na taka bakin ramin ya rufta. Kakata ta yi dariya har kallabinta ya faɗi. Muka sake tonawa. Da muka koma gida ran nan, jikina sakayau nake jin sa, kamar an sauke mini dakon itace.

Aka yi mini aure a Kaura Namoda, kakata ta rasu, na manta da zancen. Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, gari ya cika da kiɗa da guɗa, mu kuwa sanƙarau ya ɗauke mana babban ɗanmu. Ni na yi kukana a fili, har yau ina yi. Maigidana bai zubar da hawaye ba. Ya zauna a zaure ya zuba wa bango ido. Ba ci, ba barci, ba gaisuwa. An yi addu'a, an sha rubutu. Damina ta zo ta wuce, gonarsa ta zama ciyawa. Da wata bazarar ta kama, na ji yayyensa suna shawara: in ruwa ya sauka bai dawo hayyacinsa ba, za su kai shi wurin mai magani a sa masa mari. Mari, a ƙafar mutumin da bai taɓa dukan ko kaza ba!

Washegari da hantsi na ɗauki tulu da ƙoƙo na tsaya a kansa. "Malam, taso ka raka ni gulbi, tsoro nika ji." Ya taso, don shi ko a halin nan ba ya barin mace cikin tsoro. Ga famfon burtsatse sabo fil a bakin layinmu. Maƙwabciyata ta riƙe haɓa. "Ke, ruwan gwamnati ne bai miki ba, ko amarci kuka koma da tsufa?" Na ce mata amarci ne, ta taya mu da guɗa.

Na tona rami a yashin gulbin Gagare, na zaunar da shi, na faɗa masa abin da kakata ta faɗa mini. Muka koma gobe, muka koma jibi. Muna ta komawa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ina tuna zancen mari. Wata rana na ga ya cusa ƙafa a danshi da kansa. Wata rana ya bi ɗan tsuntsu da ido har ya ɓace. Ran nan kuma ya karɓe ƙoƙon, ya tona da hannunsa, ya kwantar da kunne a bakin ramin. Ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne. Ashe dariya ce! Ya yi ta har ta juye ta zama kuka, ya kira sunan ɗanmu, ya sake kira. Na bar shi. Da ya share fuska ya ce, "Yunwa nika ji." Jama'a, ban taɓa dama fura da rawar jiki irin ta ran nan ba! Ruwan farko da ya sauka, a gona ya same shi. Yayyensa ba su ƙara tayar da zancen mari ba.

Bai daina zuwa gulbi ba. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu suka fara gunaguni wai ko iskoki muke gaisarwa. Limamin unguwa ya tambaye shi bayan La'asar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ikon Allah nika saurare." Liman ya ce wannan ai tunani ne a kan halitta, a ƙyale shi. Amma in na ce wa maigidana ya gaya mini abin da ya ji, sai ya yi murmushi ya ce in je in tambayi kakata.

Yanzu ba mai zuwa gulbin nan shi kaɗai, saboda 'yan bindiga. Jikokina ruwan leda suke sha, kunnuwansu a toshe da waya. Ni kan zauna a tsakar gida in cusa ƙafa a danshin gindin randa, in saurara. Kewar maigidana ba ta tafi ba, amma takan kwanta in numfasa.

Ranar da zai bar ni, da hantsi ne, ina riƙe da hannunsa ina kuka da ƙarfi. Ya matsa yatsuna, fuskarsa ta yi haske irin na ran nan a bakin rami, ya ce:

"Yi shiru mana, jikar tsohuwa. Zamna. Kin ji? Ga shi nan tahe."