Ganyen Albasa a Kan Hijabina

Kakata ta wajen uba Baturiya ce, amma duk wanda ya ce mata 'yar Ingila ya jawo wa kansa faɗa. Daga Wales take. Kakana ya auro ta sa'ad da ya je karatu, ta zauna a Zariya shekara hamsin da ɗoriya. Nain muke ce mata, wai haka ake kiran kaka a garinsu.

Bayan sallar isha'i takan hana a kashe murhu, ta ja kujerarta kusa, mu kewaye ta. Ko zafin bazara ake yi sai ta zauna nan. Cewa take mahaifinta mai haƙar kwal ne, a gidansu ba a ba da labari sai ido na kan garwashi. Haka za mu yi ta shan gumi muna sauraro.

"Ku matso, yau ma ana ruwa a ƙasarmu," da haka take farawa.

Wanda muka fi so shi ne na yaƙin gona. Wai abokan gaba sun shigo wa mutanen Wales, aka gwabza cikin ruwa da taɓo har kayan kowa suka zama iri ɗaya, ɗan'uwa yana saran ɗan'uwansa bai sani ba. Sai wani tsoho mai tsoron Allah ya ce kowa ya tumɓuke lik, wata doguwar albasa mai faffaɗan ganye da ke gonar, ya soke a hularsa.

"Wanda ka gani da ganye, naka ne," in ji Nain, tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya. "Sauke takobinka."

Shi ya sa duk ran ɗaya ga Maris mutanensu ke maƙala lik a ƙirji. Babu shi a kasuwar Sabon Gari, sai ta riƙa sa ganyen albasa. Mu kuwa mu yi ta tsokanarta, wai tana ƙanshin miya.

Bayan rasuwar kakana na ɗauko ta zuwa wurina a Staten Island, tsibirin da nake zaune a ƙasar waje. A 2016 ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, dole na kai ta gidan kula da tsofaffi. Hausa ta fara tafiya, Turanci ya bi, ya rage yarensu kaɗai, wanda ko kalma goma ban sani ba a ciki. Daga nan ta daina cin abinci. Kowa ya matso da cokali sai ta datse baki, tana kallonsa kamar ya zo kashe ta, har da ni. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka sai an sa mata robar abinci, kuma da wuya jikinta ya ɗauka.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Na yi roƙo, na yi faɗa, na kai mata hotunan Zariya ta watsar. Har titi na 116 na je a tsallaken ruwa, inda baƙi 'yan ƙasashenmu suka fi yawa, ina tambayar ko wani ya san mai jin yaren Wales. A can kuwa Zabarmanci ne da Fulatanci da Wolof. Kuka na yi ta yi a jirgin ruwa har muka dawo tashar St. George ta tsibirinmu.

A wani shagon kayan miya kusa da tashar na ga lik a jere. Na sayi ɗaya, na yanki ganyen, na maƙala a hijabina da fil. Da na isa gidan tsofaffin, Hawa, 'yar Kumasi mai kula da Nain, ta tare ni a ƙofa.

"Anti, lafiya dai? Soup za ki dafa a jikinki?"

Na wuce ciki. Nain ta daɗe tana kallon ƙirjina. Ta miƙo hannu, ta murza ganyen, ta sunsuna yatsunta. Sannan ta buɗe baki. Cokali huɗu na kunu ta sha.

Wata bakwai ta ƙara a duniya, kullum ina zuwa da sabon ganye. Ba ta sake kiran sunana ba, kuma ba na jin ta san ni jikarta ce. Ina yarinya na ɗauka labarin na cin yaƙi ne, ashe na ranar da ido zai kasa gane nasa ne. Ran da na yi latti na zo babu ganyen, bango ta juya wa fuska har na koma shago.