Hoton Lallen Da Ya Tashi Maƙwabciyata 'Yar Rasha

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, muna zaune ni da maigidana a wani bene a unguwar Bani Malik da ke Jidda. A Jidda aka haife ni, kakannina ne suka zo Hajji suka zauna. Sana'ata zanen lalle, kuma duk hannun da na zana sai na ɗauke shi hoto na ɗora a shafina, ta nan nake samun masu zuwa.

Wata shekara wata 'yar Rasha ta kama gidan da ke kallon namu, ita da 'yarta mai shekara shida. Musulma ce daga kudancin ƙasarsu, tana aikin jinya a wani asibiti a unguwar Safa. Da farko ta sha wuya. Zafi ya feso mata da ƙuraje, Larabcinta bai wuce na sallah ba, a kanti sai dai ta nuna da yatsa. Ni na koya mata ciniki, ni na raka ta sa yarinyar a makaranta. Ta taɓa ce mini sai ranar da iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta fito ta yi barci mai nauyi tun barinta gida. Ban tambaye ta dalili ba. Na dai lura ba ta buɗe ƙofa sai ta leƙa, kuma ba ta taɓa ambaton uban yarinyar ba.

Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in ɗauke su hoto. Na ce halas, shi ke nan. Amma da jajibirin Sallah na yi wa yarinyar lalle, ya kama jajir a farar fatarta, zuciyata ta kasa haƙuri. Na ɗauka a ɓoye, rabin fuskarta ya shiga, na ɗora na rubuta cewa 'yar maƙwabciyata ce 'yar Rasha a Bani Malik. Hoton ya yi yawo fiye da duk wanda na taɓa sawa, ni kuwa har da murna.

Bayan mako uku wata mata ta rubuto mini tana son lalle, ta tambayi titi da lambar bene. Na ba ta, ba ta zo ba. Ran Laraba da la'asar aka ƙwanƙwasa mini ƙofa, na tarar da wani dogon mutum mai jan gemu, cikin sabuwar jallabiya. Cikin ladabi ya ce Umara ya zo, shi ɗan'uwan maƙwabciyata ne. Bai tambayi uwar ba, lokacin tashin yarinyar daga makaranta ya tambaya. Na ce ban sani ba. Ya yi murmushi ya ce ba komai, ai ya riga ya gani. Ya miƙo mini leda in ba su.

Da maƙwabciyata ta dawo daga aiki na ba ta ledar ta buɗe, wata 'yar hular ulu ce ta yarinyar tun tana jaririya. Nan ta zube a ƙasa. A ranar ta gaya mini mijinta ya rasu, danginsa suka ce 'ya tasu ce, suka ƙwace ta wata takwas. Da ƙyar ta karɓo ta, ta gudo. Mutumin nan ƙanin mijin ne. Ta tambaye ni ta yaya ya gano su, na buɗe hoton na miƙa mata wayata. Ba ta zage ni ba, ta dai daɗe tana kallona.

Maigidana ya ce mu je wajen 'yan sanda, ta ce me za ta ce musu, mutum bai taɓa kowa ba tukuna. Kwana biyu wata farar mota tana tsaye a tsallaken titi, yarinyar ba ta je makaranta ba. A rana ta uku da safe na tarar da ƙofarsu a buɗe, tukwane a kan murhu, ba kowa. Asibiti suka ce ba ta zo ba, wayarta a kashe. Motar ma ba ta sake dawowa ba, kuma har yau ban sani ba ko tsere wa mutumin suka yi ko tare suka tafi.

Na goge hoton, amma me ya amfana? Na gane cewa baƙon da ya bar ƙasarsa ba lallai abinci kaɗai ya zo nema ba, wani ɓuya ya zo yi. 'Yan'uwana mata, in maƙwabciya ta roƙe ku abu, ku riƙe mata ko ba ku san dalili ba. Ni ta yarda da ni, kuma ni na nuna ƙofarta.