Keke Biyu, Gwiwa Ɗaya

Bakina ne ya jawo mini. Samarin unguwarmu a Tambuwal suna shirin tafiyar keke har Kebbe, sun taru a ƙofar shagona suna gardamar wanda zai kai da wanda zai sare a hanya. Ni kuwa ina ciki ina ɗinki, surutu ya ishe ni. Na ɗaga murya na ce, "Ku rufe mana baki! Tun ba a haife ku ba nika bisa keke."

Keken ɗinki nake nufi, kowa ma ya sani. Sai wani mai dogon wuya, ɗan maƙwabcina, ya ce, "To Baba tela, keke ai keke ne. Da kai za a tafi." Aka fashe da dariya. Ni da taurin kai na ce Allah ya kai mu. Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Na sauko da tsohon keken da na rataye a zaure, aka yi wa taya faci, na fara zagaya gari kullum bayan la'asar don ƙafa ta saba. Wai saba! Ga 'yan kabu-kabu da baburansu suna yanko gabana, ga awaki ba su san ƙararrawa ba. Babbar wahalar ma ba ita ce ba. A garinmu ba a wuce dattawa a bisa keke. Da na fara samun gudu sai ga majalisa: in taka birki, in diro, in durƙusa, a tambayi iyali da gajiya, sannan in sake hawa. Kafin in kai bakin kasuwa na yi saukar da ba ta ƙirguwa, kuma duk a gwiwar dama take ƙarewa.

Gwiwar ta fara da tsami, ta koma kumburi. Na ɓoye, amma maiɗakina ta gane daga yadda nake zaman tahiya a salla. Tana shafa mini man zafi ta ce, "Malam, wagga ƙafa ita ka ciyar da mu. Ga Salla tafe, ga yadin mutane jibge. Mi ka aje a Kebbe?"

Ban ajiye komai ba. Tsoro ne iri biyu ya sa ni a tsakiya: in fasa, yara su mai da ni abin dariya; in tafi, gwiwa ta tsaya mini a daji, in dawo ba ƙafar taka keken da muke ci da shi. Ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Ana jibi tafiya na zauna zan haɗa wata riga. Na ɗora ƙafa, na danna, wani zafi ya harbo har ƙugu. Allura ta sauka sau biyu ta tsaya. Wallahi gumi ne ya keto mini. Na daɗe ina kallon rigar, sannan na jawo kujera gefe, na koma takawa da hagu kamar sabon koyo.

Ranar tafiyar ban fito da keke ba. Na buɗe shago da sassafe, na sunkuyar da kai, ina jiran ba'a. Na ji ƙararrawarsu tun daga kwanar layinmu. Da suka iso daidai ƙofata sai na ji ƙarar birki. Duk suka diro. Mai dogon wuyan nan ya durƙusa, sauran suka bi shi.

"Baba, an kwana lafiya? A sa mana albarka."

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Na sa musu albarka, sai da suka tura kekunansu suka wuce shagon sannan suka hau, yadda nake yi wa tsofaffi.