Wutar da ruwa ba ya kashewa

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da akwatin lantarki ya kama a kamfanin alewar da na yi wa aiki a Sharaɗa ba, kuma ban yafe wa wanda ya rubuta allon gargaɗin da ke jikinsa ba. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma ban yafe ba. Kalma biyu ya rubuta ya tafi abinsa, ya bar mu da su.

A farkon shekarun tamanin ne. Mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu a Na'ibawa, ina fita da sassafe in yi ta naɗe alewa a takarda har yatsuna su daina ji. Asabar da Lahadi kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, ina gab da shekara arba'in ina koyon abacada. Duk abin da na gani a rubuce sai na tsaya na haɗa baƙaƙensa, ko buhun sukari ne. Matan ɗakinmu suka sa mini Malama, rabi tsokana, rabi gaske.

A ƙarshen ɗakin akwai wani akwatin ƙarfe a jikin bango, wayoyi na shiga suna fita. An kafa masa jan allo, sama Turanci, ƙasa Hausa. Wata rana abokiyar aikina, 'yar wajen Maraɗi, wadda ta ɗan girme ni, ta ce, "Malama, tunda kin zama 'yar boko, karanta muna wancan." Na miƙe da taƙama na karanta musu: "Hattara. Wuta." Har tafi aka yi mini.

Ita kuwa mace ce mai tsari, kuma gobara ta taɓa cinye musu rumbu a ƙauye. Daga ranar, kullum in ta zo sai ta cika bokitin ƙarfe a famfo ta ajiye a gindin akwatin. Foman, wato shugabanmu na wurin aiki, ya wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, bai tanka ba. Ni har yaba mata na yi.

Wata Talata da rana tsaka aka ɗauke wuta, can aka dawo da ita da ƙarfi. Sai muka ji tas-tas-tas, warin roba ya cika ɗakin, hayaƙi na fita ta gefen akwatin. Mata suka yi ƙofa suna salati. Ita mai bokitin ba ta gudu ba. Ta tuɓe takalmanta kada santsi ya kwashe ta, ta sunkuci bokitin ta matsa dab ta watsa. Ban ga abin da ya buge ta ba. Harshen wuta bai taɓa ta ba, amma ta ƙame a tsaye, sannan ta zube cikin ruwan. Na zabura zan kamo ta, wani ya fizgo ni ta baya har na faɗi. Baba mai gyaran lantarkin kamfanin ne, wani dattijo ɗan Filato. Ya ruga bayan ƙofa ya ja wani hannun ƙarfe ƙasa, injuna duka suka yi tsit.

Ta rayu. Hannunta na dama ne bai ƙara riƙe komai ba. Ni na bi ta asibiti a motar kamfani, kuma da ta farfaɗo abin da ta fara ce mini ke nan: "Yaya aka yi, Malama? Wuta kika ce. Ruwa na zuba. Mi ne laifina?"

Da la'asar na koma ɗaukar mayafina, na tarar da foman yana ba wasu labari. "Jahilci ne kawai," in ji shi. "Ga allo har da Hausa. Wa ya ce ta zuba ruwa?"

Na ce, "Allonku ne ya ce. Wace mace ce a ƙasar nan za a ce mata wuta ta ɗauko wani abu ba ruwa ba?"

Ya jawo wani ɗan littafin Turanci ya miƙo mini. "Komai na ciki. Ba ke ce Malama ba?" Na juya shi gaba da baya, ko kalma ɗaya ban gane ba. Na ajiye masa abinsa na fita.

A bakin get matan suna jiran mota. Na tambaye su, da su ne a kusa, me za su yi? Ɗaya ta ce ai wurin nan dama akwai mutanen ɓoye. Wata kuma, mai hankali ce fa, ta ce, "Bokiti ɗaya ne ya yi kaɗan. Gobe sai mu ajiye biyu." Sauran suka gyaɗa kai. Sun ga abin da ya faru da idonsu, kuma gobe wata za ta sake.

Na koma ciki na sami Baba a durƙushe gaban akwatin yana cire ƙonannun wayoyi. Na ce ya gaya mini abin da ya buge ta. Ya fara jero mini sunaye na Turanci. Na ce, "Baba, ku dakata. Ba jarrabawa zan rubuta ba. Ku faɗa mini yadda zan faɗa wa mai tuya a bakin get."

Ya dube ni, ya ja numfashi, ya ɗauki guntun waya ya ɓare robar da wuƙa. "Abin da ke cikin nan ba ci yake yi ba, gudu yake. Hanyar shiga ƙasa yake nema. Wannan jan ƙarfen hanya ce. Roba katanga ce. Busasshen katako ma katanga."

"Ruwa fa?"

"Hanya."

"Mutum fa?"

"Mutum ai ruwa ne da gishiri, Malama. In ƙafarsa na kan jiƙaƙƙen siminti, ya zama titin Zariya. Da kin taɓa ta, ke ma ta jikinki zai bi."

Na ce, "Ashe kamar ɓarawon da aka biyo ne. Duk ƙofar da ya samu a buɗe zai faɗa." Ya ce kusan haka. Na tambaye shi batun hayaƙin. Ya ce in abin ya yi wa waya yawa sai ta yi zafi, robar ta kama. Wannan wuta ce ta gaske, amma shi lantarkin yana nan a ƙarƙashinta yana jira. Sai an fara datse shi daga hannun ƙarfen can na bayan ƙofa, sannan a zuba yashi.

"To me ya sa kuke ce masa wuta?"

"Ni na raɗa masa suna? Haka na zo na tarar ku Hausawa kuna faɗa."

"Kullum kuna ganin bokitin nan, Baba."

Can ya ce, "Na ɗauka na wanke daɓe ne. Kuma shekarata tara a nan, ba wanda ya taɓa tambayata."

Bayanin duka bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Abin da har yau yake gajiyar da ni ke nan. Yanzu na tsufa, kuma ina jin masu ilimi a rediyo suna maganar lantarki da gas da wutar sola, rabi Hausa rabi Turanci, kamar junansu suke yi wa. Na gaji da fushi da su, amma ban daina ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, haɗa baƙaƙe daban, sanin abu daban. Kuma wanda ya san abu bai faɗe shi yadda mai kai hannu wurin zai gane ba, yana da kaso a laifin. Ni da na karanta ban tambaya ba, nawa kason yana nan.

Washegari na riga kowa zuwa. Kafin a tada injuna na tare matan a ƙofar ɗaki, na faɗa musu hanya da katanga yadda na ji, na sa suka maimaita. Sannan na jawo Baba na ce ya tsaya a gefe, na jera su layi, kowace ta kama hannun ƙarfen nan ta ja ƙasa da kanta, ta mayar sama. Wasu na dariya, wata ta ƙi taɓawa sai da na ɗora hannuna a kan nata.

Foman ya shigo yana duba agogo. "Lokacin aiki ya wuce. Kin san zan iya sallamarki a kan wannan?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Saura mutum bakwai." Na juya ga ta gaban layi na ce, "Ke, matso."