Allon Bakin Tafkinmu

Mutanen da suka kafa allo a bakin tafkinmu ba su shawarci kowa ba, kuma ni suka jawo wa zagi. Har yau haushinsu nake ji.

Tafkin yana bayan unguwarmu, ta hanyar Kwadon. Tun ina amarya na tarar idan damina ta ɗauke, matan unguwa kan ci ɗamara su shiga da lauje su yanke kacalla, ciyawar nan mai cinye ruwa, don shanu su samu wurin sha. Mu muna yi da niyyar ladan ya kai ga iyayenmu da suka rasu. Maƙwabciyata 'yar Tangale tana nata yankan da waƙoƙin cocinsu, kuma ta fi mu sauri. Gefen gabas kuwa, ƙarƙashin tsamiya, ba a taɓa shi, wai na masu wurin ne. Ni ban taɓa ganin aljani a can ba, tsuntsaye dai na gani kwance kan ƙwai, amma ban taɓa kai laujena ba.

Wata shekara masu kare muhalli suka zo da mota, suka kafa allon ƙarfe, suka ɗauki hoto, suka tafi. Babu mai karatu a cikinmu. Shekara biyu muna shanya zannuwa a kansa, ga shi da ɗaukar zafi, kafin ki gama dami ɗaya zanenki ya bushe.

Sai na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina da jikoki uku. Da idona ya buɗe babu abin da ya tsira: buhun shinkafa, bayan keke, rigar ɗan dako a Kasuwar Gombe, har na taɓa bin wani mutum ina karanta bayansa. Ranar yankan kacalla na ɗaga zane daga kan allon, na haɗa baƙaƙen. An hana yanka ko cire komai a nan, mai laifi zai gamu da hukuma. Sau uku na karanta da ƙarfi, don a san ni ce na karanta.

Dada, tsohuwar da ke fara sa ƙafa a ruwa kowace shekara, ta dube ni ta ce, “Ke 'yar nan, da allon ba ya magana lafiya muke zaune da shi.”

Ban ji ba. Na naɗa kaina 'yar sandar tafki, babu albashi babu hula. Duk wadda na gani da lauje sai na karanta mata hukuma.

Damina biyu kacalla ta rufe ruwan ruf. Makiyaya suka sauya hanya, sauro ya tare a gidajenmu. Mata suka koma gaishe ni da “Malama, ya tafkinki?” Maƙwabciyata ta daina ara mini rariya.

Ana haka sai ga masu motar sun dawo. Babbansu, mai gilashi da littafi, ya tara mu a bakin ruwa. Ya ce yanzu an gano al'adun gargajiya na taimakon wurare irin wannan, abin takaici mutane sun watsar da gadon kakanninsu. Ya tambaya me ya sa muka daina. Dada ta nuna ni da leɓe.

Na ce, “Ɗana, allonku ne ya hana, ni kuma na karanta.”

Ya goge gilashi. Ya ce ai da masu haƙar yashi da saran itace ake, ba da mu ba. Na ce to a tumɓuke shi yau. Ya ce sai ofis ya zauna, kafin nan doka tana nan. Sannan ya roƙi arziki: ko za mu shiga ruwa mu riƙe lauje kamar muna yanka, amma kada mu yanka, a ɗauki hoto?

Dada ta tattara zanenta ta miƙe. “Iyayen namu hoton za mu aika musu?”

Duk suka bi ta, aka bar ni da mai gilashi da sauro.

Washegari da sassafe na shiga ruwan ni kaɗai, na yanko dami guda, da lakarsa da warinsa, na tare keke na ce ya kai mu ofishinsu.