Ɗan Marakin da Aka Raina da Hannu

Ko yau in na ji warin dussa da aka jiƙa da ruwan kanwa, sai gabana ya faɗi. Wataƙila za ka ce abin bai kai haka ba, amma bari in ba ka labari.

A ƙauyenmu, kusa da Maijirgi, saniyar babanmu ta mutu ta bar ɗan maraki, aka raine shi da koko a ƙwarya. Ƙanen babanmu ya koya masa wasa: yakan dafa goshinsa da tafin hannu ya tura, shi ma ya turo, gida ya cika da dariya. Kakarmu kaɗai ke ɓata rai. Takan ce, "Ku bar taɓa mishi goshi. Gobe da ƙaho zai yi wasan nan."

In ban manta ba, daminarsa ta biyu ce. An kwana ana ruwa, rairayi ya yi laushi. Na taso daga lakwal, wato makaranta, aka ba ni kwanon dussa in kai masa. Ban san turken ya saki ba sai da na ga igiya tana jan ƙasa. Ya ɗaga wutsiya, ya yi tsalle, ya sunkuyar da kai ya nufo ni. Ina jin ba mugunta ba ce, wasa yake so. Amma bayana rumbu ne, goshinsa kuma ya riga ya danne mini ƙirji. Numfashinsa mai ɗumi yana bugun wuyana, nawa ya ƙi fita.

Sai na ji muryar kaka, ƙasa-ƙasa. "Ɗiyata, kar ki ture shi, kar ki gudu. Jefa kwanon can gefe."

Na jefa. Ya juya kai. Ta zo ta gefen kafaɗarsa da sandarta, ta ɗan buga masa a hanci, ta daka masa tsawa ɗaya.

"Ja da baya, idonki a kansa, har ki shiga bayan amalanke."

Na ja da baya har bayan amalanken, can na zube cikin taɓo.

A makon da abin ya faru aka dandaƙe shi, aka huda hancinsa aka sa igiya. Kaka ta hana kowa shiga garken shi kaɗai, ko kuma hannu wofi ba sanda. Ƙanen babanmu bai ƙara dariyar ba.

Yanzu ina aiki a Tasawa. Maƙwabcina yana kiwon maraki, yaransa suna tura masa goshi, wani yana ɗauka da waya. Na yi masa magana a hankali, ina ta neman afuwa kada ya ce na shiga sha'aninsa. Ya yi murmushi ya ce, "Haba hajiya, ai jariri ne." Mai yiwuwa nasa ya fita daban, ban sani ba. Ni dai ƙofar da ɗiyata ke bi zuwa gidansa, na sa mata kwaɗo.