Ƙarar A-kori-kurar Gidanmu

A shekarun da fetur ya gagari talaka, takin zamani ya koma abin kallo a kasuwa, ni ne direban a-kori-kurar gidanmu. Baba ne ya rasu ya bar mana ita, ni da yayana. Shi ne babba, shi ke yanke magana, ni kuwa tuƙi ne nawa. Ina kwasar geron mutanen ƙauyenmu da wakensu in kai kasuwar Dawanau, in dawo da saƙonninsu. Da ita muke rufa wa kanmu asiri idan rumbu ya yi ƙasa.

Da ƙafafunta na gaba suka gaji, bakaniken da ke duba mana ita a Minjibir ya ce sai an sauya shakazoba mai rage wa mota girgiza, da robobin da ke riƙe ƙafa. Ya ce a nemo na hannu, waɗanda aka ciro daga jikin wata motar, sun fi ƙarko. Yaya ya ce sam. Ƙanin matarsa ya buɗe shagon kayan gyara a birni, can zai sayo sababbi fil. Haka ya dawo da su cikin kwali mai ƙyalli, yana jujjuya su a ƙofar gida don kowa ya gani.

Ba a jima da ɗaura su ba motar ta fara kuka. Da fari ɗan ƙiƙi-ƙiƙi ne idan na karya kwana. Daga baya ya zama kwaram, kwaram, duk ramin da na taka, har cikin haƙorana nake jin sa. In na ɗora kaya sai gabanta ya riƙa lilo, sitiyari yana fizgar hannuna. Tun ina bayan gari ake sanin na taho. Wani dattijo da ya daɗe yana ba ni gyaɗarsa ya ce gara ya nemi amalanke.

Na koma wurin bakanike. Ya shiga ƙarƙashi, ya girgiza taya, ya fito yana goge hannu. Robobin sun tsattsage, shakazoba tana yoyon mai.

"Jabu aka ba ku," in ji shi. "Ka daina yi mata lodi har a cire su."

Da na isa gida na tarar da Yaya a ɗakin Inna, na faɗa masa yadda muka yi.

"Wato surukina ɓarawo ne?"

"Ni ban ce ba, Yaya. Wataƙila shi ma cutarsa aka yi. A mayar masa ya gani."

"Ba abin da za a mayar. Tuƙinka ne. Kana afka wa ramuka kamar wanda aka biyo."

Ni da nake lallaɓa motar nan kamar mai ɗauke da ƙwai! Na dubi Inna ko za ta ce wani abu. Ta ce in yi haƙuri, yayana ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne ranar Juma'a bayan la'asar. Muna zaune da mutane a gindin darbejiyar masallaci, Yaya ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli, tunda na kasa riƙe amanar abin da Baba ya bari. A gaban abokaina, a gaban dattawa. Na ciro na ba shi.

Na koma gona da fartanya, wani lokaci har ƙodago a gonakin mutane. Yaya ya karɓi tuƙi. Ina sunkuye ina noma sai in jiyo ta daga nesa, kwaram, kwaram, ga rediyo ya ƙure don kada ya ji. Rannan na tare shi na ce, "Yaya, har yanzu fa tana kuka."

Ya ce, "Ai kai ka riga ka gama da ita."

Da kaka ta yi, ya loda mata waken mutane har sama. Wajen wata kwalbati kafin a hau kwalta, ƙafar gaba ta balle, tayar ta lanƙwashe ciki, motar ta kwanta a kwari. Allah ya kiyaye, kafaɗarsa kawai ta goce. Buhuna kuwa suka fashe. Ni da matan gidanmu muka wuni muna tsince wake daga cikin yashi, masu kaya suna tsaye a kanmu suna faɗar abin da suka ga dama.

Ƙanin matar Yaya ya zo dubiya cikin farar shadda. Ya zauna a zaurenmu, aka dama masa fura, ya sha, ya ce hanyoyin ƙauye ne ke kashe motoci. Yaya ya gyaɗa kai ya ce ƙaddara ce. Na tashi na fita, don na san in na buɗe baki sai an yi abin kunya.

Ba mu iya tayar da ita ba. 'Yan gwangwan ne suka zo suka yanka ta a wurin, suka kwashe a kan idona. Yanzu bas ɗin wani nake ja tsakanin Minjibir da birni. Muna gaisawa da Yaya, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Har yau bai taɓa ce mini ba laifina ba ne.